Na saurari kundin waƙoƙin Steve Burns, mutumin Blue's Clues

Duk wanda ya taɓa zama da yaro a gaban shirin Blue's Clues ya san Steve Burns, saurayin nan mai koriyar riga mai ratsi-ratsi da ke bin sawun shuɗiyar kwikwiya. Zai yi tambaya, ya ƙura wa kyamara ido, ya yi shiru har sai yaro ya ba shi amsa. Daga 1996 zuwa 2002 yake gabatar da shirin a tashar Nickelodeon ta Amurka, sannan ya miƙa wa Donovan Patton. Ana ta yaɗa jita-jitar wai ya mutu, ashe yana can yana haɗa waƙoƙi.

Kundin ya fito a 2003 da sunan Songs for Dustmites, kuma ba na yara ba ne ko kaɗan. Steven Drozd na ƙungiyar The Flaming Lips ya taya shi aikin, hannunsa kuwa bai ɓuya ba. Ganguna na dukan ƙirji, jita na kurari, sai can a tsakiya muryar Steve ta ratso, siririya, ba ƙawa. Waƙar farko, Mighty Little Man, ita ta fi kama ni. Masu kallon shirin barkwanci na Young Sheldon sun san ta, don da ita aka riƙa buɗe shirin daga 2017 zuwa 2024, sai dai 'yan daƙiƙun da ake sakawa ba su kai rabin daɗinta ba.

Abin da ya burge ni shi ne Steve bai ci da tsohon sunansa ba. Da ya so, da ya rera waƙar haruffa da lissafi, iyaye su yi ta saye. Sai ya ɗauko kimiyya, su ƙwayoyin ƙura da sararin samaniya, ya cuɗa da soyayya da kaɗaici, ya rera su tsakani da Allah kamar yadda yake yi wa yara magana a da.

Amma fa muryar ba ta da faɗi. Wajen tsakiyar kundin waƙoƙin sun yi sanyi, wasu har sun so su yi kama da juna, kuma akwai inda kiɗan ya danne shi sai ka kasa kunne kafin ka tsinci kalmomin.

Mai nema wa yaransa abin saurare ya tsallake wannan, ya nemi Foreverywhere, wanda Steve da Drozd suka fitar a 2017 da sunan STEVENSTEVEN. Wancan ne na yara.