Sharhi kan intanet ɗin da na jawo gida: layin yana da kyau, kulawar ce babu

Na jima ina amfani da intanet ɗin fayiba da wani kamfani ya jawo mini gida, kuma ra'ayina a kansa ya rabu biyu. Layin kansa, in dai yana aiki, ba ni da ta cewa. Amma ranar da ya tsaya, mutanen da kake biya duk wata ba za su gaya maka gaskiyar abin da ke faruwa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Da safe da rana, idan na jona kwamfuta da kebul a bayan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, na gwada a Speedtest ko Fast.com, gudun da nake samu yana dab da wanda suka sayar mini. Kiran bidiyo ba ya yankewa, yara suna kallon darasinsu, ni ina tura manyan fayilolin aiki, ba wanda ya tare wa wani hanya. Ruwan sama ma ba ya taɓa shi, tunda haske ne ke gudu a cikin zaren gilashi.

Da dare ne labari ke canzawa. Da zarar jama'a sun dawo gida kowa ya kunna kallo, sai gudun ya zube, bidiyo ya riƙa tsayawa yana juyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tsarin GPON, wanda shi ne aka fi jawo wa gidaje, zare ɗaya da ya fito daga kamfani yana ɗauke da kusan gigabit 2.5 a daƙiƙa, sai a rarraba shi ga gidaje 32 ko 64. Kamar famfo ɗaya ne da unguwa ke ɗiba, in kowa ya kawo bokiti lokaci guda dole ruwa ya ragu. Rabon ba laifi ba ne, da shi ne kuɗin ya yi sauƙi. Laifin shi ne ba wanda ya faɗa mini haka ranar da nake biya, kuma in ka kira ka ce dare ne kawai ke ba ka wahala, sai a ce in ji kwamfutarsu layinka ƙalau yake.

Sai rautar da suka bayar. Wanda ya zo haɗawa ya ajiye ta a inda ya fi masa sauƙi, a kusurwa, bayan talabijin, ya kama gabansa. Ɗakin da ke can ƙurya bai taɓa ganin waifai mai ƙarfi ba sai da na ɗaga ta sama, na dawo da ita tsakiyar gida. Daga nan na shiga cikinta ta adireshin da ke manne a bayanta, 192.168.1.1, na raba zangon 2.4 GHz da na 5 GHz kowanne da sunansa. Na 5 ya fi gudu amma bango yana karya shi, na 2.4 ya fi nisa amma cunkoso ya yi masa yawa: tashoshi uku ne kacal a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga rautocin maƙwabta, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci, duk a nan suke. Da na koma tashar da ba kowa, abin ya daidaita. Bayanin minti biyar ne wannan, kuma aikin mai haɗawa ne ya yi shi.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da fitilar jikin rautar mai alamar LOS ta koma ja tana ƙiftawa, ta PON kuma ta mutu. Duk wanda ya ɗan san na'urar ya san ma'anar wannan: haske ba ya isowa gidanka, ko dai zaren ya tsinke ko ya lanƙwashe a wani wuri. Na kira, na faɗi haka ƙarara. Amsar ita ce, "Yallaɓai, ka kashe rautar, ka jira daƙiƙa talatin, ka sake kunnawa." Na ce, "Malama, na yi, kuma jar fitila ba ta kashewa da kunnawa ba ce." Ta ce in yi haƙuri in sake. Ban ga laifinta ba, takarda aka ba ta take karantawa. Amma kamfanin yana iya ganin cewa na'urata ta ɓace daga layinsa, to me ya sa za a sa ni in yi ta danna maɓalli alhali an san ba a nan cutar take ba? Aka ba ni lambar ƙorafi. Ban ankara ba sai ga saƙo cewa an warware matsalata an rufe ƙorafin, ga jar fitila tana kallona. Kwanaki na yi ina bin su, kowane kira sai na maimaita labarin daga farko ga sabon mutum.

Injiniyan da ya zo daga ƙarshe ya san aikinsa. Ya zare ƙaramar wayar mai koren kai, ya soka ta a mitarsa, ya girgiza kai, ya ce in ƙarfin haske ya yi ƙasa da wajen -27 dBm na'urar ba ta iya karantawa. Ya bi zaren da yatsa har bakin taga, inda ƙarfe ya matse shi ya yi masa gwiwa. Ya yanke wurin, ya fere bakunan biyu, ya sa su a injin haɗi ya narka su suka zama ɗaya. Ko rabin awa bai yi ba fitila ta koma kore. Aikin da bai kai rabin awa ba shi ne ya cinye mini kwanaki, kuma da wata ya ƙare aka karɓi kuɗi cif, ba a rage ko na yini ɗaya ba.

Yanzu kafin in kira su sai na tace matsalar da kaina. Ina duba fitilu tukuna, sannan in jona kebul. In kebul yana gudu waifai ba ya yi, gyaran na cikin gidana ne. In duka biyun sun yi sanyi, sai in aika ping, wato ɗan saƙon gwada layi, zuwa 8.8.8.8, adireshin Google. Idan yana amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, galibi DNS ɗin kamfanin ne, wato abin da ke juya sunan shafi zuwa adireshinsa, ya kwanta, sai in juya zuwa na Google ɗin ko 1.1.1.1 na Cloudflare in ci gaba da aiki. Kowane gwaji ina ɗaukar hotonsa da lokacinsa, domin na lura hujja a rubuce ce kawai ke sa su daina zagaye-zagaye.

Wanda ke shirin jawo irin wannan layi, kada ya tsaya kan lambar da ke jikin talla. Ya tambayi maƙwabcin da ke kan layin yadda dare yake, ya kuma nemi a nuna masa a rubuce cikin awa nawa ake zuwa gyara, da abin da ake yi wa kwanakin da aka rasa. Ni dai har yanzu ina tare da su, saboda ba wani kamfanin da zarensa ya iso inda nake, kuma dole nake ajiye data a waya don ranar da za a ɗauke. Duk ranar da wani ya jawo nasa zaren, ko da gudunsa bai kai wannan ba, in dai zai gaya mini gaskiya in layi ya tsinke, zan koma wurinsa.