Gam ɗin Gyaran Tabar Ganye: Abin da Yake Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

'Yar ƙaramar kwalba ce kamar ta jan farce, da ɗan burushi maƙale a cikin murfin. Ruwan da ke ciki garai-garai yake, da ɗan kauri da yauƙi, babu ƙamshi, idan ka ɗanɗana ma ba za ka ji komai ba. Aikinta guda ɗaya ne: liƙe ganyen waje na tabar ganye, irin wadda ake naɗewa da hannu a Kuba da Nikaragwa da Jamhuriyar Dominika, idan ya tsage ko ya fara warwarewa. Na daɗe ina amfani da ita. Tana aiki, amma ba ta kai yadda masu sayar da ita ke zuzuta ta ba.

Sai mutum ya san yadda aka gina karan tabar kafin ya gane iyakar gam ɗin. Kara ɗaya hawa uku ne. Akwai ganyen ciki, wanda shi ne naman tabar, sai ganyen ɗauri da ke tattare shi wuri guda, sai ganyen waje, sirir mai sheƙi, wanda ake naɗawa a karkace daga bakin da ake kunna wa wuta zuwa bakin da ake zuƙa. A can sama ake ɗora 'yar hula ta ganye a liƙe ta, ita ce ke riƙe da naɗin gaba ɗaya. Masu naɗin taba a Kuba da gam na tsiro suke liƙe wannan hula, don haka sa wa kara gam ba baƙon abu ba ne, tun a masana'anta ya sha shi. Na kwalbar nan ma daga tsiro yake. Galibin irinsa ana haɗa su ne da ƙaro ko da pektin, sinadarin nan da ake samu a ɓawon lemo da tuffa.

Inda ya fi burge ni shi ne a hula. Sau da yawa abin yanka, wanda ake datse kan hular da shi kafin a zuƙa, shi ne ke jawo ɓarnar: ko ya dakushe ya murƙushe ganyen maimakon ya yanke shi, ko hannu ya zarce ya cinye hular duka. Da zarar hula ta tafi, sai ka ga gefen ganyen waje ya ɗaga, kana zuƙa yana ƙara kwancewa, guntayen taba suna cika maka baki. Nan ne burushin ke nuna amfaninsa. Ka ɗaga gefen da ya saki da bakin farce a hankali, ka shafa gam ɗin ta ƙarƙashinsa, ba ta sama ba, ka mai da ganyen kan layin da ya taso, ka danne da ɗan yatsa kana murza karan a hankali ta inda naɗin ya bi. Minti ɗaya ko biyu ya kama. Idan ka bar shi ya bushe sosai, da ƙyar ido zai gano inda aka taɓa.

Na gwada shi a kan wani kara mai ganyen Kamaru, wanda duk mai shan irin wannan taba ya san saurin fashewarsa, domin ganyen sirir ne ƙwarai, ga ƙarancin jure canjin yanayi. Tsagar ta faro daga gindi, wato bakin da ake kunna wa wuta, ta haura kusan tsawon gaɓar yatsa. Na shafa gam a gefe biyu na tsagar, na ƙara ɗigo ɗaya daidai inda ta tsaya don kada ta ci gaba, na ajiye shi ya kwana. Da na kunna washegari, wutar ta ratsa wurin ba tare da ta karkace ba, tokar ta ɗan yi duhu a kan layin gam ɗin, shi ke nan. Ɗanɗano bai canza ba. Wannan ne abin da na fi jin tsoro tun farko, don na taɓa ganin masu liƙewa da zuma ko ruwan sukari, wuta na isa wurin sai ƙauri ya tashi. Miyau kuwa da ya bushe sai ya saki.

Idan ganyen ya ɓare har ya bar rami, ana iya yin faci. Ka samo guntun ganyen waje daga hular da ka yanke ko daga wani karan da ya riga ya lalace, ka ɗan jiƙa shi ya yi laushi, ka shafa gam ka ɗora. Ba kyau gare shi ba, gaskiya, mai kallo zai gane. Amma yana toshe iska, kuma abin da ake nema ke nan, tunda kara mai rami a gefe iska yake ja maimakon hayaƙi.

Sai abin da ban ji daɗinsa ba. Burushin ya yi faɗi, yana kwaso gam fiye da kima, kuma gam idan ya yi yawa jiƙa ganye yake, ya bar tabo mai ƙyalli, wani lokacin ma ganyen ya tattare. Na koma amfani da tsinken sakace. Murfin kuma idan ba ka goge bakin kwalbar ba, sai ya manne har ka nemi ruwan ɗumi. Takardar da ke jikin kwalbar ba ta ce komai a kan waɗannan ba.

Babbar magana dai ita ce, yawancin tsagewar kara ba daga hannu take ba, daga danshi take. Tabar ganye tana son danshin iska tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da zafi wajen digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos. Idan ta bushe, ganyen waje ya zama ƙamas, taɓa shi kaɗan sai ya dare. Idan kuma aka ɗauki busasshen kara aka jefa shi cikin danshi mai yawa lokaci guda, ganyen ciki ya kumbura, na waje bai gama laushi ba, sai ya fashe daga sama har ƙasa. Gam ba ya maganin ko ɗaya. In ka liƙe busasshen kara yau, gobe zai tsage ta wani gefen.

Saboda haka ni a wurina wannan kwalba rabin kayan aiki ce. Ɗaya rabin shi ne 'yan fakitin daidaita danshi irin na kamfanin Boveda, masu ruwan gishiri a ciki, waɗanda ke ba da danshi idan ya yi ƙasa su kuma tsotse shi idan ya yi yawa. Suna zuwa lamba-lamba: 62, 65, 69, 72 da sauransu, kowace lamba tana nuna kashin danshin da fakitin ke riƙewa cikin ɗari. Busasshen kara a cikin mazubi mai rufuwa ruf ake sa shi tare da mai lamba 62, bayan mako biyu ko uku a koma 65, daga baya 69, ana juya shi lokaci-lokaci. Sai ya dawo da laushinsa, ka matsa shi ka ji ya ɗan lotsa ba tare da ƙara ba, sannan a zo maganar gam. Wanda ya yi gaggawa a nan asara biyu zai yi. Kuma a sani, danshi yana dawowa amma man da ke cikin ganyen idan ya tafi ya tafi. Karan da ya yi shekara a cikin aljihun tebur zai sake yin laushi, zai kama wuta lafiya, ƙamshin ne dai ba zai koma kamar da ba.

Akwai ɓarnar da ko kusa kada a ɗauko kwalbar. Idan tsagar ta ratsa har ganyen ɗauri, kana hango na ciki, zafi na taɓa shi zai buɗe, gara ka yanke wurin ka sha abin da ya rage. Idan ka ga 'yan ramuka zagayayyu kamar an huda da allura, ga garin taba yana zuba in ka buga gindin karan a tafin hannu, ƙwaron taba ne, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma zafi ne ke sa ƙwansa ƙyanƙyashewa. Toshe ramin da gam yaudarar kai ce, tsutsar tana ciki. Wanda ya huje a zubar, sauran a ɗaure su a leda mai zif, su kwana a firji, su yi kwana uku a firiza, su sake kwana a firji kafin su koma akwatin ajiyarsu, don kada sanyi da zafi su fasa su. Fumfuna ma haka: farar da ke kan ganyen waje ana iya gogewa, amma idan ta shiga gindin karan, ko ta yi kore ko shuɗi, babu sauran gyara. Karan da ya toshe kuwa, wanda kake zuƙa har kumatu su gaji, wani siririn ƙarfe mai ƙaya ake zura masa a zaƙulo ganyen da ya cushe. Gam sai dai ya biyo baya idan hular ta tsage garin zurawa.

Wani zai ce me zai sa in saya, alhali zan iya dama garin pektin ko ƙaro da tataccen ruwa in samu abu ɗaya? Gaskiyarsa, na haɗa na gani, yana kamawa daidai da na kwalba. Bambancin kawai na haɗin gida ba ya jimawa, bayan 'yan kwanaki sai ya fara lalacewa ko da a firji yake, ga wahalar daidaita kaurinsa. Mai ajiye taba da yawa, ko mai yawan tafiya da ita a jaka inda take gogar juna, kwalbar za ta yi masa rana, kuma ɗaya tak za ta daɗe ƙwarai tunda ɗigo-ɗigo ake sawa. Mai sayen kara ɗaya ya sha a ranar, gara ya sa kuɗinsa a abin yanka mai kaifi.