Injin Iska a Tsibiri: Mai Kwanciya Ko Mai Tsayuwa?

Duk tsibirin da ke ƙona man dizal da aka yi jigilarsa ta jirgin ruwa yana kwaɗayin wutar iska. Amma kafin a sa hannu a takardar ciniki, akwai zaɓi biyu a kasuwa, kuma abin da ke raba su shi ne guguwa.

Na farko shi ne babban inji mai farfela uku, wanda ake kafawa a kan hasumiyar ƙarfe, ya tsaya kyam shekara da shekaru. Irinsa ne kamfanin Cabeólica ya kafa a ƙasar Kef Bad, tsibiran da ke gaɓar Afirka ta Yamma, guda 30 ƙirar Vestas, masu kilowat 850 kowanne, jimilla megawat 25.5, a tsibirai huɗu: Santiyago, Sao Bisente, Sal da Bowa Bista. Ya dace da su, domin iskar arewa maso gabas tana kaɗawa a can kusan duk shekara (ita ce ma ke kai musu ƙurar hunturu daga Sahara), kuma ba kasafai mahaukaciyar guguwa ke sauka a kansu ba. Jamaika ma ta bi wannan hanya a gonar iska (filin da aka jera injinan iska) ta Wigton tun 2004. Ribar dogon inji a fili take: iskar sama ta fi ƙarfi, kuma idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka takwas.

Sai dai mai saye ya tambayi kansa: tashar jirgin ruwanmu za ta iya sauke farfela mai tsawon mita da yawa? Akwai injin ɗaga kaya a tsibirin, ko sai an yi hayarsa daga wata ƙasa duk ranar da giyar injin ta lalace? Sannan irin wannan inji, da iska ta kai mita 25 a daƙiƙa yake kashe kansa, ya juya farfelarsa, ya jira abin da Allah zai yi. A 2017 guguwar Mariya ta kakkarya farfelun gonar iska ta Punta Lima a Fuwato Riko.

Na biyu shi ne ƙaramin inji mai farfela biyu, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa, mai kilowat 275. Sandarsa siririya ce, wayoyin ƙarfe ke riƙe da ita ta kowane ɓangare. Da an yi hasashen guguwa, sai a sassauto shi a hankali har ya kwanta a ƙasa, a ɗaure. Fiji, wadda ke zaman ɗar-ɗar saboda guguwa daga Nuwamba zuwa Afrilu kowace shekara, shi ta zaɓa a Butoni kusa da Sigatoka a 2007: guda 37, megawat 10. Wanda ya taɓa wucewa ta Lambar Rimi a Katsina ya ga irinsu, can ma guda 37 ne. Ni wannan dabara tana burge ni ƙwarai, musamman da yake makaniki zai yi gyaransa yana tsaye a ƙasa, ba sai ya hau sama ba.

Amma yana da nasa nauyin. Inji 37 na nufin giya 37 da wayoyi barkatai, duk a cikin iskar gishiri mai cin ƙarfe. Wutar da ke fita daga kowanne kaɗan ce. Kayan gyara kuma daga hannun kamfani ɗaya suke fitowa, don haka a rubuta cikin yarjejeniya shekara nawa zai riƙa kawo su, da ma'aikatan gida nawa zai horar. A tambayi irin fentin da aka yi wa sandar, ko na bakin teku ne.

Abin da na fi jin tsoro shi ne sayen inji kafin a auna iska. A kafa sandar awo a daidai tudun da za a gina, ta yi aƙalla shekara guda cur tana ɗaukar lissafi. Idan awon ya nuna iska mai rauni, a karkata kuɗin zuwa faifan sola da batir. Idan kuwa iskar tana da kyau kuma tsibirin yana kan hanyar guguwa kamar Fiji, ni mai kwanciya zan saya, ko da wutarsa ba ta kai ta dogon ba.