Shagon kwamfuta na Madina: na yaba ɗinkinsu, ban yaba madogararsu ba

Akwai wani shagon kwamfuta a zangon Madina da ke Accra, ba nisa da inda ake shiga tirotiro (ƙananan motocin haya), wanda ɗaliban Jami'ar Ghana da ke Legon da yawa ke kai aikinsu. Ba zan faɗi sunansa ba, mai shagon mutumin kirki ne kuma muna haɗuwa a masallaci. Wajen bugu da fotokofi ba ni da ƙorafi. Baƙin ya fita sarai, ɗinkin kundi kuma ya yi ƙarfi, ko ka jefa shi cikin jaka wata uku ba zai warware ba.

Inda muka saɓa shi ne sabon aikin da suka ƙaro. Sun liƙa takarda a ƙofa cewa suna haɗa wa ɗalibi jerin littattafai da maƙalun da zai kafa hujja da su. Ni kuwa ina rubuta kundin kammala digiri kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, lokaci ya ƙure, sai na ba da sidi 150. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce, "Yaya, je ki sha koko ki dawo." Kafin in gama koko da ƙosai har ya buga min madogara ashirin. Saurin nan ya kamata ya tsorata ni, amma a ranar daɗi na ji.

Washegari na shiga ɗakin karatu na Balme na fara binsu ɗaya bayan ɗaya. Littafin Paul Lovejoy kan ayarin fataken goro, wanda aka buga a Zariya a 1980, yana nan daram. Na Ivor Wilks kan Asante a ƙarni na 19 ma gaskiya ne, sai dai sun sa masa 1995, alhali a 1975 ya fito. Wannan da sauƙi, gyara ne. Sauran ne suka ɗaure min kai. Maƙala bakwai na nema a rumbunan maƙalu na intanet, wato Google Scholar da JSTOR da AJOL, babu ko ƙurarsu. Sunayen marubutan na masana ne da aka sani, kanun maƙalun sun yi kyau a ido, har da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, mai farawa da 10 kamar yadda ya dace. Na kwafa lambobin na zuba a doi.org, ya ce bai san su ba. Lambar wata ta takwas ta buɗe, amma maƙala ce kan noman rogo.

Wata kuma akwai ta, kuma ita ta fi ba ni haushi. Mujallar ba ta nuna jami'ar ko ɗaya daga editocinta ba, tana alkawarin buga maka aiki cikin kwana uku in ka biya. Wane masani ne zai tace maƙala cikin kwana uku? A ciki an rubuta cewa Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya rasu a yaƙin Salaga na 1892. Malamin nan haifaffen Kano ya ga yaƙin, ya bar Salaga bayansa, bai rasu ba sai 1934. Kakata ma da ba ta taɓa shiga aji ba ta san a Krachi kabarinsa yake. Rubuce-rubucensa na Larabci da ajami suna cikin tarin Cibiyar Nazarin Afirka a nan Legon, tafiyar ƙafa ce daga Balme.

Na koma shagon da takardar, duk na ja jan biro a ƙarƙashin na bogin. Na ce, "Alhaji, waɗannan fa babu su a duniya." Ya kira yaron, yaron ya sunkuyar da kai ya ce manhajar hira ta AI ya tambaya ta jero masa. Alhaji bai yi musu ba, ya mayar min da sidi 100, ya ce ragowar kuɗin takarda da wuta ne.

Goma sha ɗaya na tsira da su cikin ashirin, su ma sai da na buɗe kowanne na karanta shafin da zan ɗauko. Ɗinkin kundina dai can zan kai ranar Litinin. Jiya na wuce ta ƙofar, takardar tallan tana nan ba a cire ba.