Lauyan iyali a Legas: fara sanin kotun da ke da hurumin maganarka kafin ka biya kowa

Mutanenmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, idan rikicin aure ko na gado ya gagari dangi, ya gagari liman da fadar Sarkin Hausawa, tambayar da suke fara yi ita ce: wa ya san lauya mai zafi? A ganina wannan riga malam masallaci ne. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne irin auren da aka ɗaura, domin shi ke nuna kotun da za ta saurari maganar, kotun kuma ita ke nuna irin lauyan da ya dace.

Mu fara da auren rajista, don a nan aka fi yin tuntuɓe. Akwai 'yan uwanmu da aka ɗaura musu aure a masallaci da waliyyi da sadaki da shaidu, daga baya suka tafi ofishin rajistar aure na Ikoyi suka sa hannu, galibi don neman biza ko don wurin aiki ya buƙaci takarda. Su a ransu takarda kawai suka karɓo. A idon doka kuwa sun shiga ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, wadda mace ɗaya ta sani. Muddin wannan aure yana nan, wanda mijin zai ƙara daga baya doka ba ta san da shi ba. Kuma ko ya rubuta saki uku ya miƙa, auren rajistar bai mutu ba. Babbar Kotun jiha ce kaɗai ke iya raba shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Kotun majistare ba ta da wannan iko, kotun gargajiya ma haka.

Dokar ta 1970 dalili ɗaya ta yarda da shi, wato aure ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba, amma sai an tabbatar da hakan ta ɗaya daga cikin hanyoyin da ta lissafa: zina da ɗayan ya kasa jurewa, ƙaurace wa abokin zama na aƙalla shekara 1, zama a rabe na shekara 2 idan ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko shekara 3 ko da ya ƙi, da wasu kaɗan. Auren da bai cika shekara 2 ba, a mafi yawan lokuta sai an nemi izinin kotu kafin ma a shigar da ƙara. Bayan alƙali ya yanke hukunci ma akwai sauran jira, don hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata 3 yake tabbata. Wanda ya yi gaggawar sabon aure a wannan tsakani ya jawo wa kansa wata shari'ar. A cikin ƙarar nan ne kuma mace za ta nemi kuɗin ciyarwa, riƙon yara, da abin da ya dace ta samu daga dukiya, don haka lauyan da ya shigar da neman rabuwa zalla ya bar waɗannan ya cuce ta.

Wanda aurensa na Musulunci ne tsantsa, lissafinsa daban. Sashe na 275 na tsarin mulkin 1999 ya bar wa kowace jiha zaɓin kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a idan tana buƙata, Legas kuwa ba ta kafa ba. Babu alƙalin da za ki je gabansa ki nemi khul'i kamar yadda ake yi a Kano ko Sakkwato. Hanyoyin da suka rage uku ne, kowacce da nata naƙasun. Akwai kwamitin shari'a mai zaman kansa da Musulmin jihar suka kafa a 2002, wanda ke zama a masallaci yana duba aure, saki da gado. Masana fiƙihu ne, ba tsada, amma ba shi da ɗan sanda, ba shi da ikon tilasta wa wanda ya ƙi zuwa. Akwai kotunan gargajiya, irin na Agege da Igando, inda ake raba aure da sauri, sai dai masu zama a kansu an naɗa su ne don al'adar gari, ba lallai su san idda ko hukuncin mayar da sadaki ba. Sai komawa gida a shigar da ƙara a kotun Shari'a, wanda ke da amfani idan wanda ake ƙara yana can. Amma a sani, kotun wata jiha ba ta yanke hukunci kan mallakar fili ko gidan da ke Legas. Maganar ƙasa a inda ƙasar take ake yin ta.

Batun yara ya fi sauƙin ganewa. Legas tana da Dokar Haƙƙin Yaro tun 2007, da kotun iyali a mataki biyu, na majistare da na Babbar Kotu, kuma ba a barin 'yan kallo su shiga. Abin da alƙali ke dubawa shi ne maslahar yaron: wa ke kula da shi, ina yake karatu, yaya muhallinsa. Uban da ya shiga da "ai ɗa na uba ne" ba tare da rasitin kuɗin makaranta ko na asibiti ba, zai sha mamaki. Idan da duka a cikin maganar, akwai dokar kariya daga cin zarafi a gida, ita ma ta 2007, wadda ke ba da damar neman umarnin kotu na hana mai dukan kusantar matar, kuma jihar tana da hukuma ta musamman kan haka.

Gado kuma, banki ba ya sakin kuɗin mamaci don an kawo takardar malam, kuma wanda mamacin ya rubuta a matsayin makusancinsa a fom ɗin banki ba shi ne magaji ba. Sai an samo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, sannan a raba. Idan mamacin ya yi auren rajista kuma bai bar wasiyya ba, dokar gado ta jihar ce ke shigowa, rabonta kuwa ba irin na tumuni da rubu'i ba ne.

Wani ruɗani da ke yawo shi ne cewa Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi ta fi ta jiha ƙarfi, don haka gara a kai magana can. Matsayinsu ɗaya. Sashe na 251 ya keɓe wa ta tarayya abubuwa irin su kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kwastan, kamfanoni da jiragen ruwa. Saki da gado ba sa ciki. Kuma kuskuren kotu ba ƙaramin abu ba ne: tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka kafa cewa kotun da ba ta da hurumi, komai kyan shari'ar da ta yi, aikin banza ne. Ana iya tayar da wannan magana ko da an kai Kotun Ƙoli a Abuja, bayan shekaru da kuɗi sun tafi.

To, yanzu ga lauyoyin. Manyan ofisoshin Victoria Island da Ikoyi, da masu lambar SAN, wato lambar girma ta manyan lauyoyi, ƙwararru ne, amma mafi yawan aikinsu na kamfanoni da bankuna ne, kuma ƙaramar shari'ar iyali ƙaramin lauya za su miƙa wa, kai kuwa ka biya kuɗin sunan maigidan. Sai idan dukiyar mai yawa ce, ko akwai kadara a ƙasar waje, ko magana ta kai ɗaukaka ƙara, sannan tsadar ke biyan kanta. A ɗaya gefen akwai lauyoyin bakin kotu, waɗanda 'yan kamasho ke tare mutum su kai shi wurinsu. Wasunsu sun iya neman beli, amma shari'ar da za ta ɗauki shekara tana buƙatar wanda ke da ofishin da za ka same shi gobe. Ga yawancin mutanenmu, zaɓin da ya fi shi ne matsakaicin ofis da ke yin shari'ar iyali kullum kuma yana kusa da kotun da za a zauna. Babbar Kotu tana da rassa a Ikeja, tsibirin Legas, Ikorodu, Badagry da Epe. Lauyan da zai taso daga Lekki zuwa Ikeja kafin ƙarfe 9 na safe, kai za ka biya kuɗin gosulon.

Wanda ba shi da hali kada ya ce ba shi da hanya. Ofishin Lauyan Talakawa na jihar, OPD, kyauta yake aiki. Akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Jira ne dai da yawa, don masu nema sun fi ma'aikata. Cibiyar Sulhu ta ma'aikatar shari'a ita ma kyauta ce, sannan akwai zauren sulhu na Multi-Door da aka buɗe a 2002, inda yarjejeniyar da aka cimma, idan alƙali ya sa mata hannu, take zama kamar hukuncin kotu. Rabon gida tsakanin 'yan uba ya fi dacewa da nan. Amma sulhu ba ya raba auren rajista.

Ko dole ne lauyan ya zama Musulmi ko Bahaushe? Ba dole ba. Jin harshe yana taimakawa, musamman ga matar da ba za ta iya faɗin sirrinta ta bakin tafinta ba, kuma ƙungiyar lauyoyi Musulmi, MULAN, wuri ne mai kyau na fara tambaya idan maganar ta shafi fiƙihu. Sai dai Bayeraben da ya shekara goma yana shiga kotun iyali a Ikeja ya fi ɗan garinku da aikinsa sayar da filaye ne.

A zaman farko ka tambaye shi: wace kotu za mu je, kuma me ya sa? Wanda bai tambaye ka irin aurenka ba, bai nemi ganin takarda ba, ya ce kawai "bar mini komai, na san alƙalin", tashi ka tafi. Ka nemi cikakken sunansa da shekarar da aka rantsar da shi, domin kowane lauya na gaske sunansa yana cikin kundin Kotun Ƙoli, kuma takardunsa suna ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA. Ka duba cewa mutum ne ya sa hannu da sunansa: a shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don an sa musu hannu da sunan ofis kawai.

Kuɗi kuma a rubuta shi. Na ganawa daban, na aiki daban, na zuwa kotu kowane zama daban, na shigar da takardu kuma kotu ce ke ba da rasitinsa, ka nemi ganinsa. Ka tambaya ko za ka biya kuɗin zama ranar da aka ɗage ƙara alƙali bai zauna ba, don irin ranakun nan suna da yawa. Asalin takardar aure, ta haihuwar yara da ta gida su zauna a hannunka, kwafi za ka ba shi. Ka kuma tambaya tun yanzu ko kuɗin ya haɗa da ɗaukaka ƙara, domin bayan hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu wata 3 ake da shi a tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, idan kuwa hukuncin tsakiyar shari'a ne, kwana 14.