Yaya, ga abin da na gani a Accra game da tiyatar zuciyar yara

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ina iyali, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ka tambaye ni ko gara a kawo yarinyar nan Accra, da mutanenmu ke kira Ankara, maimakon a yi ta tara kuɗin Indiya. Zan faɗa maka abin da idona ya gani, don bara ni na riƙa raka 'yar mai gidanmu na unguwar Nima asibiti, kuma ciwonsu iri ɗaya ne.

Shekararta 11 a lokacin. Ba ta iya ɗauko bokitin ruwa daga famfo sai ta tsaya haki, ƙafafu sun kumbura, da dare sai an tara mata filo uku take barci. Da aka ɗora mata na'urar hoton zuciya, likita ya juyo mana da allon. Na ga launi yana tsartuwa baya duk bugu ɗaya. Ya ce bawul ɗin da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya ne ba ya rufuwa, kamar ƙyauren da ya karkace, jini yana komawa wajen huhu. Tushensa kuwa ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba, irin wanda a gida muke kai yaro wurin wanzami a cire masa beli. Jiki ya tashi yaƙar ƙwayar cutar, sai ya haɗa da gaɓoɓi da bawul.

A babban asibitin Korle Bu da ke nan Accra akwai cibiyar tiyatar zuciya ta ƙasa, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989 bayan ya dawo daga Jamus. Mu a Najeriya tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Inugu, don haka aikin ba sabo ba ne a wurinmu. Abin da ya kwantar mini da hankali a nan shi ne cibiyar ta daɗe a tsaye da likitocinta na gida, wanda ya yi aikin shi za ka koma ka samu ranar duba ɗinki. Daga Indiya kuwa kana dawowa kun rabu da likitanka ke nan. Ga shi ba a neman biza, fasfon ECOWAS ya isa.

Amma kada a ce maka kyauta ne. Katin inshorar lafiya na Ghana, da aka kafa dokarsa a 2003, ba ya ɗaukar tiyatar zuciya sai wadda hatsari ya jawo. Mai gidanmu sai da aka yi masa taimako a masallaci Juma'a uku, samarin unguwa suka je suka ba da jini. Rayuwa ma ta fi gida tsada, masu gidan haya kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke so a dunƙule. Wannan kada ya dame ka, ɗakina yana nan, daga Nima tiroto, wato ƙaramar bas ta haya, biyu ne zuwa asibitin, Hausa kuma za ta kai ka ko'ina a zango.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: ka tambayi likita ko za a iya gyara bawul ɗinta a bar mata nata. Gyaran shi ne a tsuke bakin da zobe, a daidaita igiyoyin da ke riƙe da shi, wani lokaci a yi faci da tantanin zuciyarta. Idan aka sa na ƙarfe, za ta sha maganin tsinka jini, warfarin, har iyakar ranta, da gwajin jini a kai a kai, kuma maganin yana iya cutar da ɗan tayi, ita kuwa mace ce, aure na gabanta. A ɗakin jinya na zauna kusa da wani yaro da aka sa wa na ƙarfe, dare ya yi tsit ina jin ƙirjinsa yana ƙas-ƙas kamar agogo. Na naman dabba kuma saurin lalacewa yake yi a jikin yara. Sai dai idan bawul ya ƙanƙance ya taurare, gyara ba ya yiwuwa, shi ya sa jinkiri yake ba ni tsoro.

Ita 'yar mai gidan an gyara mata. Yanzu da gudu take zuwa makarantar allo, tabon yana ƙarƙashin hijabi. Duk da haka kowane mako huɗu ana yi mata allurar fenisilin, mai zafin nan, kuma shekaru za ta yi a kai, don ciwon yana dawowa ya ɓata aikin. Wannan allura akwai ta a gida. Don Allah Yaya, ka tambayi likitanku a fara wa yarinyarku tun yanzu, kafin batun tafiya.

Ka ɗauki hoton takardun gwajinta duka ka turo mini ta WhatsApp, ranar Litinin in sha Allahu zan kai a duba. Ka gaishe da Inna da su Hajiya.