Wa Za a Damƙa wa Kulawar Wanda Aka Haifa da Toshewar Hanyar Matsarmama Bayan Ya Girma?

Wanda aka haifa da toshewar hanyar matsarmama, aka yi masa tun yana jariri aikin nan da likitan Japan Morio Kasai ya fito da shi a shekarun 1950, wato haɗa hanji kai tsaye da ƙofar hanta domin ruwan matsarmama ya samu mafita, girmansa bai raba shi da ciwon ba. Da yawa suna kai shekarun girma da hanta mai tabo, saboda haka ranar da likitan yara ya sallame shi, dole iyali su zaɓi hannun da zai karɓe shi.

Zaɓina shi ne cibiyar ƙwararrun hanta wadda take aiki tare da masu dashen hanta. A can ne ake sanin cewa zazzaɓi da ciwon shawara da kashi mai fari-fari ga irin wannan mutum na iya zama kamuwar hanyar matsarmama da ƙwayoyin cuta, abin da ke buƙatar maganin gaggawa. Su ne ke lura da girman saifa da raguwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini, su zura kyamara su duba jijiyoyin hanyar abinci da suka kumbura tun kafin a kai ga aman jini, su yi hoton ciki duk wata 6 ga mai tabon hanta saboda tsoron ciwon daji, su kuma auna bitamin A, D, E da K waɗanda jiki ba ya tsotsa sosai idan matsarmama ta yi ƙaranci. Macen da take son ɗaukar ciki ma, a nan ya kamata a fara shirya mata. Abin da na fi dubawa kuwa shi ne ko cibiyar za ta nemi cikakken fayil daga sashen yara, domin a kan ƙanena na ga yadda wani asibiti ya ɓatar da bayanin aikin da aka yi masa, aka koma lalube.

Likitan da ke duba kowane ciwo yana da amfani wajen allurar rigakafi da ƙananan larurori kawai. Likitan ciki mai zaman kansa wanda bai taɓa riƙe mai aikin Kasai ba, ban ba da shawararsa ba.

Masu tallar maganin “wanke hanta” a intanet da kan hanya su ne babban haɗari. Babu jiƙo ko ƙwaya da ke buɗe hanyar da aka haifa a toshe, wasu haɗe-haɗen ma su ke ƙarasa hantar da ta riga ta raunana, kuma sau da yawa sukan sa mara lafiya ya ajiye maganin likita. Haka dillalan da ke alkawarin samo hanta a waje cikin mako guda idan an biya kuɗi. Cinikin sassan jiki ne, wanda Sanarwar Istanbul ta 2008, wato matsayar da ƙwararrun duniya suka fitar kan dashen sassan jiki, ta yi tir da shi. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya nemi sakamakon gwajin jini, a bar shi nan take.